Hannu biyu a taswira ɗaya

Masu wasan Dungeons & Dragons, wanda aka fara fitarwa a Amurka a 1974, sukan zauna a tebur ɗaya: mai jan labari ya shimfiɗa taswirar garin da ya ƙago, sauran su riƙa jefa ɗan ludo suna yawo a cikinsa. Duk mai son irin wannan zane ya fara da duba taswirar Maiduguri, domin akwai abin mamaki a cikinta. A unguwar Shehuri gida na jingine da gida. A tsohuwar GRA kuwa tituna ne masu faɗi, gida ɗaya a tsakiyar fili, dogon yaro ya yi masa rumfa. Wa ya raba garin haka?

Da farko mutum zai ce kuɗi. Amma titunan sun riga attajiran da ke zaune a can yanzu.

Sai a koma 1907, shekarar da Shehun Borno Abubakar Garbai ya zauna a Yerwa, wato tsohon garin Maiduguri, kusa da sansanin Turawan Ingila. Mutanensa sun zo da tsarin Kukawa, tsohon birninsu: dandal mai faɗi ya miƙe har ƙofar fada, unguwanni suka kewaye shi. Hannu ɗaya ke nan.

Na biyun yana cikin dokar birane ta Gwamna Lugga ta 1917. Tsarin zamanin ya ce a bar fili na yadi 440, babu gini, tsakanin mazaunin Turawa da na 'yan ƙasa. Hujjarsu sauro. Tun 1897 Ronald Ross ya gano shi ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro, suka ɗauka ba zai ƙetare wannan tazara ba.

To, a nan hujjar ta tsinke. A leƙa bayan tsofaffin gidajen Turawa na GRA: ga boskwata, 'yan ɗakuna a jere, inda kuku da boyi ke kwana a wancan zamani, taku kaɗan daga tagar maigida. Da sauro kaɗai ake gudu, da ba a ajiye su a nan ba. Ana son aikinsu, maƙwabtakar danginsu ce ba a so, kuma wannan yana ci mini rai.

Saboda haka mai zana garin almara, kafin ya ja titi, sai ya san wa ya ba da umarnin jansa, da wanda aka hana ya bi ta kai bayan magariba.