Ɗarin Hunturu a Ƙasar Kano da Abin da Tarihi Ya Adana

Idan aka auna da ma'aunin Salshiyas, wanda ruwa ke daskarewa idan ya kai sifili a kansa, sanyin ƙasar Kano bai taka kara ya karya ba. A ranar 21 ga Yuli, 1983, tashar bincike ta Vostok da ke Antatika ta auna digiri 89.2 ƙasa da sifili, kuma a nahiyar Afirka ma garin Ifrane da ke kan duwatsun Maroko ya ga 23.9 ƙasa da sifili a watan Fabrairu na 1935. A ƙauyukan arewacin Kano kuwa, asubahin Disamba da Janairu yakan tsaya tsakanin digiri 12 zuwa 14, sai jefi-jefi ya sauka ƙasa da 10. Sai dai illar sanyi ta fi rataya ga irin tanadin da ya tarar a gida fiye da adadin da ma'auni ya nuna.

Hunturu iska ce busasshiya da ke kaɗowa daga Sahara ta arewa maso gabas tun daga Nuwamba har zuwa Maris, kuma galibin ƙurar da take ɗaukowa tana tashi ne daga kwarin Bodele da ke ƙasar Cadi, wanda kufai ne na wani makeken tafki da ya ƙafe dubban shekaru da suka wuce. Da yake iskar ba ta da laima, babu tururin da zai riƙe zafin da ƙasa ta sha da rana, saboda haka da zarar rana ta faɗi sai zafin ya tsere sama, sanyi ya yi ta ƙaruwa har ya kai ƙololuwa daf da fitowar alfijir, daidai lokacin da jama'a ke taɓa ruwa domin alwala.

Tarihi ya nuna cewa ɗarin wannan yanki ya taɓa wuce abin da aka saba. A watan Disamba na 1823, Turawan Birtaniya biyu, Hugh Clapperton da likita Walter Oudney, sun bi ayari daga Kukawa ta Borno za su Kano, kuma Clapperton ya rubuta cewa a wata asuba, kafin su isa Katagum, ruwan da aka bari a ƙwarya ya yi ɓawon ƙanƙara, salkunansu na fata kuma sun sandare. Oudney, wanda dama yana fama da ciwon ƙirji, ya rasu a Murmur kusa da Katagum a watan Janairu na 1824, Clapperton ya ƙarasa Kano shi kaɗai a cikin wannan wata. Wasu masana a Turai sun yi zaton sai a kan tudu mai tsawo irin wannan zai faru, alhali ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce. Bushewar iska da garau ɗin sararin dare sun isa su bayyana shi.

Manomi bai ɗauki hunturu a matsayin abokin gaba ba. Alkamar da ake nomawa a Kadawa da ruwan madatsar Tiga ba ta yin albarka sai ta sha sanyi, haka ƙurar da ke sauka a gonaki kowace shekara tana ɗauke da sinadaran da ke taimaka wa taki wajen raya ƙasar da ake nomawa ba hutu. Wahalar tana komawa ne kan jiki da muhalli. Ɗakin ƙasa mai rufin azara yakan adana ɗumin rana ya sake shi da dare, amma rufin kwano, wanda yanzu ya mamaye ƙauyuka ana kuma ɗaukarsa alamar wadata, yana sakin zafi nan take, har ɗakin ya koma kusan ɗaya da tsakar gida. Jarirai da tsofaffi da masu amosanin jini da masu asma su ne suka fi galabaita, tare da almajiran da ke kwana a zaure kan tabarma babu bargo.

Babban haɗari kuma yana ɓoye a cikin maganin sanyin kansa. Kaskon garwashi da ake shigarwa ɗaki a toshe ƙofa da taga yana fitar da wata iska mai guba, marar wari marar launi, wadda ke hana jini ɗaukar iskar numfashi, ta yadda mai barci kan sume bai sani ba. A waje kuma, dannin kara da jinka da harawar da aka jibge a kan rufi duk sun bushe ƙayau, tartsatsi ɗaya ya ishe su, iska ta kai wutar har rumbu. Hukumar kula da yanayi ta NiMet takan fitar da gargaɗi kan hazo da sanyi, gidajen rediyo su isar, amma sauran aikin na magidanta ne: a fitar da kasko kafin a kwanta, a kashe wutar jin ɗumi da ruwa, a jinkirta wankan jarirai har hantsi ya ɗaga, mai hali kuma ya kai bargo ko rigar sanyi tsangayar da ke kusa da shi tun kafin Disamba ta kama.