Kafin Mai Gwangwan Ya Riga Mu

A ɗakin kakata a Augie akwai wani takobi da ke rataye bayan ƙofa tun ina yaro. Kubensa na jar fata ne, ya bushe har ya tsattsage. Duk wanda ya kai hannu sai ta ce, "Kai, aje shi! Wanga ba abin wasa na ba." Ba ta taɓa gaya mana na wane ne ba, mu ma ba mu tambaya ba. Bayan rasuwarta aka share ɗakin, wani ƙanenmu ya haɗa shi da tsofaffin tukwane ya sayar wa mai gwangwan a kan kilo. Ban ga laifinsa sosai ba. A wurinsa tsohon ƙarfe ne kawai, don ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce masa ga abin da yake.

Abin ya dawo mini a hutun da ya wuce, da wani abokina malamin firamare ya roƙe ni in raka ɗalibansa Gidan Tarihi na Kanta a Argungu. Gidan nan tsohuwar fadar sarakunan Kabi ce, an mayar da ita gidan tarihi a 1958, da sunan Muhammadu Kanta wanda ya kafa daular Kabi a farkon ƙarni na 16. Akwai takubba da masu da kwari da baka da tsofaffin bindigogi da ganguna. Yaran suka yi ta wucewa kamar masu ratsa kasuwa, har wani ya ja rigata ya ce, "Malam, don mi aka sa ma doki bargo ranar hawan Sallah?"

Lifidi yake nufi. Na ce masa riga ce ta yaƙi, ta mahayi da dokinsa, da ake cusa wa auduga a ɗinke ta ninki-ninki. Kibiya in ta shiga, kowane ninki yana rage mata ƙarfi, kafin ta kai fata ta gaji. Amma yana da nauyi da zafi, kuma babban maƙiyinsa wuta. Sulke kuwa ƙananan zobban ƙarfe ne sarƙe da juna. Yana hana kaifin takobi yanka, sai dai ba ya hana zafin duka, shi ya sa ake sa shi a kan tufa mai kauri. Kwalkwali na kare kai, garkuwar fata na tare mashi. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kananeji ne, wajen ƙarshen ƙarni na 14, ya fara shigo da lifidi da sulke da kwalkwali Kano.

Talaka fa? Makaminsa baka. Kibiyarmu ba ta da nauyi, ƙarfinta yana ga dafin da ake dafawa da ƙwayar kwankwani, wanda ke tsayar da zuciya. Nan yaran suka gane dalilin lulluɓe doki: ƙwarzane kaɗan ya isa. Daga nan tambayoyi suka ɓarke. Wata yarinya ta ce ai kakanta na da "rigar zobba" a cikin buhu a rumbu. Wallahi sai da gabana ya faɗi.

Na san wani zai ce, a wannan zamani da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukanmu, ina amfanin koya wa yara makamai? Tambaya ce mai kyau. Amma labarin yana da ƙarshe, kuma shi ne darasin. Kabawa da Sakkwato sun shafe shekaru da dama suna yaƙi, amma a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka yi masa bikin kamun kifi don tabbatar da zumunci. Bikin nan ne hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016. Yaron da ya ga mashi, sannan ya ji yadda aka ajiye shi aka ɗauki homa da gora, ya koyi abin da ya fi sunan makami.

To 'yan uwana ɗalibai, in kun je gida ku leƙa rumbu da ƙarƙashin gado. In kun sami wani abu, kada ku goge shi da sanfefa don ya yi ƙyalli, kuna iya share tambarin maƙerinsa. A share ƙura da busasshen tsumma, a ɗan shafa wa ƙarfen mai, a ɗaga shi daga ƙasa saboda laima da gara. Kada a bar yara su taɓa tsinin tsohuwar kibiya. Sannan ku ɗauki hoto, ku kunna rikodar waya, ku tambayi dattijon gidan: na wa ne, wa ya ƙera, ina aka je da shi? Ku tara ƙannenku su ji da kunnensu.

Ni dai na makara. Kakata ta tafi da sunan mai takobin, Allah ya jiƙanta. Ku da naku ke raye, ku tambaye su tun a hutun nan.