Rajistar Kayan Kufai da Tsofaffin Hotuna: Misalin Sifawa da Boɗinga

Wajen shekara ta 1810 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya taso daga Gwandu ya zauna Sifawa, ƙanensa Abdullahi kuwa ya zauna Boɗinga, kusa da shi. A Sifawa ne, cikin 1812, Shehu ya raba al'amuran mulki, ya danƙa yamma ga Abdullahi, gabas ga Muhammadu Bello. A 1815 ya koma Sakkwato, inda ya rasu a 1817. Littattafan masu jihadi sun tsare labarin malamai da yaƙe-yaƙe, amma ba su cika kula da tukunyar da aka yi girki da ita ba, ko maƙerar da ta ƙera mashi. Wannan sai ƙasa ta faɗa, ita kuwa ba ta ba da shaida sai an rubuta abin da aka tono daga cikinta bisa ƙa'ida.

Abu huɗu ne rajista ba ta cika sai da su. Na farko lamba, wadda za a rubuta a jikin abin da kuma cikin littafi. Na biyu wurin da aka same shi, da zurfinsa, da abin da ke kwance tare da shi. Gama in ba a dagula ƙasa ba, abin da ke ƙasa ya girmi na bisa. Tsingaron da aka tsinta aka jefa cikin buhu ba takarda, ya rasa mafi yawan amfaninsa har abada, domin rami ba ya tonuwa sau biyu. Na uku siffa, watau abin da aka yi shi da shi, da awonsa, da adonsa.

Na huɗu shi ne suna, nan kuwa aikin ya shafi masu nazarin harshe. In aka rubuta "tukunya" kurum, an haɗe randa da tulu da kasko, alhali kowanne da aikinsa. Ya kamata a nuna wa magina tukwane da maƙera da tsofaffin gari abin, a rubuta sunan yadda suka furta da Sakkwatanci, kamar kuɗɗi da hwata, kada a mayar da shi kuɗi da fata. In akwai sunan Fillanci a sa shi gefe.

Hotuna kuwa suna bukatar hattara ta musamman. Ba a fito da hanyar ɗaukar hoto ba sai 1839, shekara 22 bayan rasuwar Shehu, Turawan Ingila kuma ba su ci Sakkwato ba sai 1903. Saboda haka ba hoton da zai nuna Sifawa ta zamanin Shehu. Ginin ƙasa kuwa yabe da damina suna sake masa kama. Lalle a rubuta wanda ya ɗauka, da shekarar, da inda ya fuskanta, a kuma kwafe rubutun bayan hoton harafi da harafi. Abin da wani dattijo ya gane a ciki a rubuta shi daban, da sunansa da ranar da ya faɗa, kada zato ya shige cikin tabbas.

Tun 1979 doka ta ɗora kula da irin waɗannan kaya a kan Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ba a tono sai da izninta. Amma tattara sunaye da bayanin hotuna aiki ne da malaman kwalejin horon malamai za su iya sa ɗalibansu, kuma shi ya fi gaggawa: tsingaro ya jira shekara 200 a ƙasa, dattijon da ya san sunansa ba zai jira haka ba.