Ko Kun Sani? Tankin Karya Matsin Ruwa

Ruwan da ke gangarowa a cikin rufaffen bututu yana danna bangonsa gwargwadon zurfin gangaren, domin kowace mita 10 tana ƙara nauyin kusan kilo ɗaya a kan kowane murabba'in santimita, wato fili kamar farcen ɗan yatsa. Idan gangaren ya yi yawa, injiniyoyi sukan katse bututun da tankin karya matsi, wato ƙaramin tanki mai kafar shan iska inda ruwan ke zuba ya sauke ƙarfinsa, tare da bawul mai ƙwallon da ke yawo a saman ruwa, wanda ke toshe mashiga da zarar tankin ya cika.

A shimfiɗaɗɗiyar ƙasar noma ta Ɗambatta da Bichi ba kasafai ake bukatarsa ba, tunda ƙarancin matsi ne matsalar can, shi ya sa ake ɗora tankunan rijiyar burtsatse bisa dogayen ƙafafun ƙarfe. A bututun injin lantarki kuwa, irin na madatsar Tiga da aka kammala a 1974, matsin nan shi ne jarin da ke juya injin, saboda haka karya shi asara ce.