Rumbu Ba Ƙauyanci Ba Ne

Akwai wata magana da ta yi yawa a bakin samari a ƙasar Rijau, kuma na gaji da jin ta. Wai ajiye hatsi a rumbu ƙauyanci ne. Wai mai wayo shi ne wanda zai sussuke dawarsa tun da kaka, ya loda wa 'yan kasuwa, ya ji kuɗi sun faɗo a waya. In ka kawo zancen gayya, sai a ce maka zamani ya wuce nan, yanzu kowa tasa ta fisshe shi. Abin haushin, har da masu furfura a cikin masu gyaɗa kai.

Sauƙin rayuwa a wurina ba wani abu ba ne illa gida ya ci abin da ya noma, ya sayi abin da ba ya iya nomawa, ya kuma san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ranar da ta ɓaci. Haka Dukkawa da Kambari da Hausawa da Fulanin wannan yanki na masarautar Kontagora suka daɗe suna zaune.

To, mu auna maganar masu cewa kuɗi a waya ya fi hatsi a rumbu. Ba sai mun je nesa ba. A farkon 2023, bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta ɓace daga hannun mutane. Magidanci na da dubbai a asusu, amma ya wuni a layin mai POS, a yanki wani kaso mai tsoka kafin a miƙo masa ɗan abin cefane, in ma an samu ke nan. Wa ya ci tuwo cikin kwanciyar hankali a waɗannan makonni? Wanda ya ɗaga jinka, ya zura yaro cikin rumbu ya miƙo dami. Matarsa ta auni mudu biyu ta aika maƙwabta, aka ba ta daddawa da man gyaɗa, tukunya ta hau wuta ba a nemi sabis ɗin waya ba.

Ba a gama farfaɗowa ba, ranar 29 ga Mayu, 2023 aka cire tallafin fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta tashi zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota a hanyar Kontagora zuwa Rijau har Zuru ya bi ta. A tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. Ma'ana, wanda ya sayar da buhu da kaka, kuɗin da ya karɓa ba su iya dawo masa da buhun nan da damina, lokacin da gona ke neman taki, yara ke neman abinci, zazzaɓin sauro ke neman magani, duk a wata guda. Daga nan sai cin bashin da za a biya da hatsin baɗi a kan farashin da mai bashi ya ga dama. Babur ɗin da aka saya da kuɗin dawa kuwa, shi ma an kai shi kasuwa da rabin kuɗinsa. Wannan ne wayon?

Za a ce da ni ai a 2025 farashin hatsi ya faɗi, masu ajiya sun tafka asara. Gaskiya ne. Amma waɗanda suka yi kukan su ne masu tara buhuna don jiran tsada. Ni ba su nake karewa ba. Hatsin da aka ajiye don ci ba ruwansa da faɗuwar kasuwa, malmalar tuwo ɗaya ce ko buhu ya yi tsada ko ya yi araha.

Hujjar masu sukar rumbu da ta fi nauyi ita ce ta tsaro. 'Yan bindiga sun addabi Rijau da Mariga da Magama, sun kwashe shanu, sun ƙone rumbuna, sun raba mutane da gonakinsu. Wanda aka ƙone wa abincin shekara ba a yi masa wa'azi. Sai dai a duba a gani: ranar da ƙauye ya watse, ina mutane suka nufa? Gidan ɗan'uwa, gidan suruki, gidan abokin gayya. Wanda ya buɗe musu zaure ya ciyar da su, daga rumbunsa ya ɗebo.

Ita kuma gayya, masu raina ta ba su taɓa zama sun yi mata lissafi ba. Mutum ashirin da garma a gona ɗaya, ganga na tashi, mata na kawo kunu, kafin la'asar an gama huɗar da mutum ɗaya zai kwashe makonni yana yi, ga ruwa ba ya jiran kowa. Gobe a koma gonar wani. Gonar marar lafiya da ta matar da mijinta ya rasu su ma suna cikin layi, ba tare da an ce su biya ba. Maƙwabtanmu Dakarkari na ƙasar Zuru sun kai noman taro matsayin da saurayi ke shiga golmo, ya yi shekaru yana noma wa surukai kafin a ba shi mata. Ɗan ƙwadago kuwa kuɗinsa yake so kafin rana ta faɗi, kuma ba laifinsa ba ne. Ci-rani da haƙar zinariya da tsadar biki su ma sun taimaka wajen kashe gayya.

Yanzu ga abin yi. Maigida, kafin ka kira mai mota, zauna da uwargida, ita ta san abin da tukunya ke ci. In mudu huɗu kuke aunawa a rana, shekara tana buƙatar mudu 1,460, ka ƙara na baƙi da na suna da iri. Fitar da zakka tukuna, ɗaya bisa goma ga noman ruwan sama idan ya kai nisabi, kuma ka fara da mabukatan unguwarka. Abin da ya yi saura shi ne na kasuwa, shi ma kada a sayar rana ɗaya. Dawa da gero a bar su a zangarniya, sun fi jure ƙwari. A tabbatar sun bushe ƙayau, a share rumbu, a lilliƙe tsaga, a gyara jinka kafin ruwan farko. Wake a zuba shi a buhun PICS mai leda biyu a ciki, a matse iska a ɗaure tam. Don Allah a daina yayyafa masa Sniper. Guba ce, kuma irin wannan sinadari ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu tun 2015. Abin da Bature ya ƙi, shi muke dafa wa 'ya'yanmu.

Saboda halin tsaron da ake ciki, kada a tara komai wuri guda. A raba, wani a gida, wani wurin amintacce a cikin gari. Unguwa ta yi rumbun tsimi na haɗin gwiwa, kowane gida ya kawo abin da aka yanka, mutum uku su riƙe lissafi, a ranta wa wanda ya gaza da damina ya mayar da kaka ba tare da ƙari ba. Gayya a rage mata tsada, kunu da tuwo sun isa, ba gasar yanka ba ce. Kaɗanya da ɗorawar da ke gona a ƙyale su, kada a sare don gawayi. Buhun gawayi sau ɗaya ake sayar da shi, alhali man kaɗe da kalwa duk shekara suke sa kuɗi a hannun mata. Inda kuma ake da sauran amana da Fulanin da aka sani, a bar shanu su kwana a gona bayan an kwashe amfani, su ci kara su bar taki.

Masu unguwanni da limamai da shugabannin coci, ku ne ake jin maganarku. Ku faɗe ta tun ana girbi, kafin manyan motoci su fara layi a bakin kasuwar Rijau.