Kayan kyamara masu rahusa ga mai zuwa hutu bakin teku

Mu mutanen arewa ƙura muka saba tsoro. Amma mai zuwa hutu Kiribi, a bakin tekun Kamaru, danshi ne abokin gabarsa, domin yana haifar da fumfuna cikin gilashin kyamara, gyara kuwa sai an ji a aljihu. Maganin ba shi da tsada: busassun ƙunshin silika, irin na kwalin takalma, a rufe su gam da kyamarar cikin roba. A ƙara da batir na biyu.

Katin memori ne ba mu yarda a bi arha ba. Na jabu yakan nuna giga 64, alhali cikinsa kaɗan ne, hotuna su salwanta. Kafin ɗan kasuwa ya sari kwali, ya cika ɗaya ya gwada.