Noman Yalo: Aikin Yana Wurin Renon Iri

Mutane da yawa da suka gwada shuka yalo ko gauta a bayan gida ko a ɗan lambu sun ƙare da ƙorafi iri ɗaya: an zuba iri, an yi ta ban-ruwa mako biyu, ko dai bai fito ba, ko ya fito ya yi kwana kaɗan ya kwanta. Daga nan sai a ce shukar ce mai wuyar sha'ani, ko a ɗora wa ƙasar gidan laifi, a koma sayen dashe a kasuwa. A ganina wannan hukunci bai yi wa yalo adalci ba. Da zarar ya kama ƙasa, shuka ce mai juriya, ta fi tumatir haƙuri da rana, tana kuma yin watanni ana tsinkar ta. Rauninta yana cikin mako shidan farko, daga ranar da ƙwayar iri ta shiga ƙasa zuwa ranar dashe. Wannan ɗan lokaci shi ne ya kamata mai shuka ya riƙe a hannunsa, kada ya bar wa wani.

Matsalar takan fara tun kafin a taɓa ƙasa. Yalon da ake ci da ƙuli-ƙuli, da gautar da ake yankawa a fate, duk ɗanyu ake tsinkarsu, domin a lokacin ne suke da garɗi kuma ƙwayoyinsu ba su yi tauri ba. Abin da ya sa suke daɗin ci shi ne ya sa ba su da amfanin iri: ƙwayar ba ta ƙosa ba, ba ta tara abincin da za ta tashi da shi ba. Wanda ya sayi yalo a tire, ya ga ya yi masa daɗi, ya kankare 'ya'yan ya shanya, yawanci ƙaiƙayi ya adana. Ɗan da za a ɗauki iri daga gare shi sai an bar shi a jikin uwar ya wuce ci. Gauta sai ta yi ja, yalo sai ya koma rawaya ko ruwan lemo, babban yalon nan mai baƙar fata mai sheƙi kuwa sai sheƙin ya dushe ya koma rawaya-rawaya. Ko bayan an tsinke, ajiye shi a inuwa kamar mako guda yana ƙara wa ƙwayar ƙwari. Sai a fasa, a murje cikin ruwa a roba. Ƙwayoyin kirki za su nutse, marasa ciki su taso tare da tsoka, a tsiyaye su. A shanya na ƙasan a inuwa mai iska har su daina mannewa da juna, a zuba a kwalba mai murfi. Irin da aka yi wa haka yakan yi shekara uku yana fitowa, muddin danshi bai same shi ba.

Sai zafi. Ƙwayar yalo ta fi son ƙasa mai ɗumin digiri 24 zuwa 30, inda takan tsiro cikin mako ɗaya zuwa biyu. Idan ƙasa ta yi sanyi ƙasa da digiri 15, sai ta yi kwance ba motsi, kuma ƙwayar da ta daɗe a jiƙe ba ta tsiro ba ruɓewa take yi. A Kano da Zariya, daren hunturu na Disamba da Janairu yakan sauka ƙasa da wannan, a Jos ma abin ya fi haka. Shi ya sa irin da ya fito lafiya lau a watan Yuni yake ƙin fitowa a Janairu, har a zargi mai sayarwa alhali laifin sanyi ne. Mai noman rani da ke son yalo gara ya zuba irinsa a Satumba ko farkon Oktoba, ƙasa tana da sauran ɗumin damina. In kuwa dole sai cikin sanyi, a zuba a tire ko tsohon kwano mai ɓuli a gindi, a fitar da shi rana da hantsi, a shigar da shi ɗaki da magariba. Akwai wani dalilin na yin sammako: shukar da ta makara takan fara fure a Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 35, fure ya riƙa kakkaɓewa ba tare da ya ɗaure ba.

Kwanciyar tsiro kuwa, wadda ta fi komai karya zuciya, cuta ce mai sananniyar alama. In aka ɗaga tsiron da ya faɗi aka duba daidai inda kara ya haɗu da ƙasa, za a ga wurin ya sirance ya yi duhu kamar an matse shi da farce, alhali ganyen yana nan kore shar. Wasu ƙwayoyin cuta dangin funfuna ne da ke zaune a ƙasa suke cinye wurin, kuma abin da suke so shi ne laima da cunkoso da rashin iska. Abin takaici, kulawa ce take jawo su: mai shuka ya yafa iri da yawa don kada a yi asara, ya riƙa zuba ruwa safe da yamma, ya bar rufin ciyawa har bayan tsiro ya fito. Gyaran ba ya cin kuɗi. A haɗa jigawa da takin gargajiya da ya ruɓe sosai, a ɗaga wurin renon sama da ƙasa don ruwa ya wuce, a ja layi-layi tazarar faɗin tafin hannu, a binne iri zurfin da bai wuce santimita 1 ba. A rufe da busasshiyar ciyawa, a ɗage ta ranar da aka ga tsiron farko, a mayar da ita rumfa. Ruwa da safe ya isa, kuma a bar saman ƙasa ya ɗan sha iska kafin a ƙara. Tsohuwar dabarar ƙona kara a kan wurin reno kafin a zuba iri tana da hujja, domin zafin yana rage cuta da irin ciyawa a saman ƙasa.

Za a ce, duk wannan wahala ta mece ce, ga dashe ɗauri-ɗauri a kasuwa da araha? Gaskiya ne sayen dashe yana rage mako shida, kuma akwai masu reno na kirki da suka san aikinsu. Amma mai saye ba ya ganin abu biyu. Bai san wane iri ba ne sai ya fara 'ya'ya, lokacin da gyara ya wuce. Bai kuma san ƙasar da aka rene shi ba. Yalo dangin tumatir ne da tattasai da attaruhu da dankalin Turawa, cututtukansu ɗaya, kuma wuraren reno da yawa shekara da shekaru waɗannan ake juyawa a kansu. Akwai wata tsutsa da ido ba ya gani wadda ke shiga saiwa ta sa ta yi ƙulli-ƙulli, shukar ta tsumbure tana yaushi da rana ko da ƙasa a jiƙe. Akwai kuma cutar da ke sa shuka ta yanƙwane gaba ɗaya tana kore. Dukansu a saiwa da ƙasar da ke manne da ita suke tafiya, kuma in suka sauka a lambu sukan yi shekaru. Manomi mai faɗin gona zai iya kauce musu, ya sa masara ko dawa a wurin. Mai taku goma a bayan ɗaki ba shi da inda zai koma. Wanda ya zama dole ya saya, aƙalla ya wanke saiwar guda biyu ya duba, in ya ga ƙulli ya bar musu kayansu.

Wasu kuma za su ce a shuka shi kai tsaye a kunya kamar kuɓewa. Ƙwayar ta yi ƙanƙanta, giram ɗaya yana ɗauke da sama da 200, tsiron kuma yana tafiyar hawainiya, ciyawa za ta rufe shi kafin ya yi ganye huɗu. Gara a rene shi har ya yi ganye huɗu zuwa shida, a janye rumfa a rage ruwa mako guda kafin dashe don ya saba da rana, a cire shi da dunƙulen ƙasarsa, a dasa da la'asar sakaliya, tazarar kamar santimita 60 tsakanin gindi da gindi. Wanda ba shi da fili, buhun shinkafa cike da ƙasa da taki ya ishi gindi ɗaya. Daga dashe, wata biyu zuwa uku ake fara tsinka.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta masu cewa irin gida ba ya kai na kamfani. A kan babban yalo mai baƙar fata suna da gaskiya. Asalinsa Asiya ne, Sin da Indiya ne ke noma mafi yawansa a duniya, kuma an daɗe ana aikin inganta shi. Da yawa daga irinsa na cikin fakiti haɗin aure ne, mai alamar F1, wanda ke ba da 'ya'ya masu kai ɗaya a shukar farko amma in aka ɗebi irinsa aka sake shukawa sai ya rarrabu. Irin wannan sayensa ake yi duk shekara, a duba ranar da aka rubuta a jiki, a guji fakitin da ya kwana biyu a rana kan teburin mai shago. Amma gauta da yalonmu 'yan Afirka ne, kuma mafi yawan nau'o'insu a hannun manoma suke, ba a kantin kamfani ba. Cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, da ke Ibadan tana da reshe a Bagauda ta jihar Kano, sai dai irin da ya dace da bakin mutanen wani gari, da ɗacinsa da girmansa, mai shuka ne ke tsare shi. Sharaɗin shi ne a zaɓi iri daga gindi biyar ko shida mafiya lafiya, ba daga ragowar da aka manta a ƙarshen kaka ba, kuma in ana shuka gauta kala biyu a nisanta su, domin ƙudan zuma na kai garin furen wannan zuwa wancan.